Gishirin Baban Jama'a

Matar da ta yi wa mijinta ƙarya ya rayu, ta gaya masa gaskiya ya mutu, a kan wanne Allah zai tambaye ta? Na kai wannan tambaya gaban malamai uku, ɗaya a Bukur, ɗaya a Maraɗi, ɗaya nan Madarumfa. Kowannensu ya ce ajali ne. Na san ajali ne. Amma ga shi haƙora sun zube, ido ya dushe, tambayar tana nan inda na bar ta. Balki, ke da kika yi lakwal, kika yi karatun boko, ki rubuta yadda na faɗa. In kin ga ina kuka ki ƙyale ni, hannunki ya ci gaba.

Sunan mijina bai fita bakina ba yana raye, balle yanzu. Maigida nake ce masa. Manomi ne, in rani ya yi kuma ya kama kifi a tafki. Shekarar da fara ta cinye gero muka binne ƴaƴa biyu cikin wata ɗaya. Sai muka ji labarin wani malami da ya kafa zango a daji, kudu da tafki, yana ba mutane hatsi. Yunwa ce ta kai mu. Mutanensa suna kiransa Baban Jama'a. Shekara tara muka yi a hannunsa.

Ranar da mutum ya shiga, Baba yakan ɗebi gishiri da yatsunsa ya sa masa a harshe, ya ɗaura masa farin zare a wuyan hannu. Daga ranar, duk abin da wuta ko turmi ya taɓa, tuwo ne ko fura ko koko, ba ya shiga bakinka sai an barbaɗa masa gishirin da Baba ya tofa wa addu'a, wanda ake rabawa gida-gida ran Juma'a. Wanda ya ci abin da babu shi, ko ya ɗanɗana gishirin waje, to na harshensa zai tashi a cikinsa, cikin ya kumbura har ya mutu. Akwai wani da aka ce ya ci tuwon biki a Safo a ɓoye. Cikinsa ya kumbura, aka tara mu duka muka tsaya a kansa muna kallo har ya cika. Yanzu na san akwai ciwon da ke kumbura ciki. A lokacin ban sani ba.

Wanda ba ya cin abincin kowa, ai ba shi da kowa. Ba suna, ba biki, ba zaman makoki. Da uwata ta rasu, tafiyar rabin yini ce tsakaninmu, Baba ya ce ba za ni ba, mutumin waje ba a yi masa kuka. Na yi kukana a bayan rumbu, wata ta kai ƙarata, aka tsayar da ni a rana daga hantsi har la'asar. Bayan kwana uku Maigida ya ce in ɗaure kayana. Ba mu nufi gida ba. Da wane ido za mu dubi dangin da muka ƙi tuwonsu shekara tara? Kuma can mutanen Baba za su fara nema. Maigida ya ce wataƙila bakin Baba ba ya ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. Muka fita da jaki ɗaya, da tukunya, da ɗan gero, da ƴar jakar fata mai gishirin da na saba ragewa don ɓacin rana.

Mun kauce wa Ɗan Isa saboda ƴan duwan masu binciken kaya a iyaka, muka bi ta gonaki har Jibiya. Wata tsohuwa ta sauke mu a zaurenta. Bayan magariba ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, tururi yana tashi. Muka dubi juna. Maigida ya ce mata muna azumi. Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi inda rana ta riga ta faɗi, ta dube mu. Ta ɗauke akushinta. Can sai ga ta da ɗanyen gari da itace uku, ta ajiye a gabana ta ce, ƴar nan, kowa da irin azuminsa. Na tuƙa mana tuwo ina jin kunyar da ban taɓa ji ba.

A Katsina muka yi wata guda. Maigida yana ɗaukar ruwa yana sayarwa. Mun tsinke zaren hannunmu tun a hanya, amma wurin ya yi fari, kamar an zana. Wata rana muna bakin kasuwa, wani mai sayar da tabarmi ya kira mu da hannu. Ban san fuskarsa ba. Da ya miƙa hannu don gaisuwa sai na ga zaren. Ya yi murmushi kamar ɗan'uwa ya ce:

"Baba yana gaishe ku. Ya ce shi ba ya kiran kowa. Jakar da kuka ɗauka ita za ta kira ku."

Bai bi mu ba, bai zage mu ba. Ya ci gaba da naɗe tabarmarsa. A ranar muka ɗora wa jaki kaya. Duk hanyar Kano ina waiwaye, duk wanda ya miƙo hannu sai na fara duba wuyan hannunsa kafin fuskarsa. Har yau ban daina ba.

A Kano muka sami ɗaki a Fagge. Wani da Maigida ya sani wurin dakon buhunan gyaɗa ya kai shi ga wani malamin tsibbu, aka ce yana warware kowane irin baki. Malamin ya saurare shi yana gyaɗa kai, ya ce aikin babba ne, sai da dabba mai ƙafa huɗu. Maigida ya ja jakinmu ya kai masa. Malamin ya ce ya dawo bayan kwana bakwai, zai tarar an gama, ya ci abin da ya ga dama. Ran na bakwai ya tarar da ɗaki a share, ko buzu babu. Maƙwabta suka yi ta dariya, suna cewa wani ɗan Faransa, kamar yadda suke kiran mutanen ƙasarmu, ya sake faɗawa. Ni na ce cuta ce aka yi mana. Maigida ya girgiza kai. Ya ce ba cuta ba ce, malamin ya leƙa ne ya ga girman wanda zai kara da shi, ya gudu.

Dako yana cin abinci, abinci kuwa yana cin gishiri. Na koyi ɗiba da bakin farce. Muka koma ci sau ɗaya a yini. Kowace safiya kafin ya fita sai ya ɗauki jakar ya auna ta a tafin hannunsa, ya mayar. Da wani mai ɗibar leburori ya zo yana neman masu haƙar kuza a ƙasar Jos, Maigida ya ba da sunansa. Ba aikin ne ya ja shi ba, nisan ne.

A tashar Zariya muka sauka muna jiran ƙaramin jirgin ƙasan da ke hawa duwatsu. Kwana biyu ke nan ban ci ba, ina bar masa rabona ina ce masa na ci. Ya tafi salla. Kusa da ni akwai wata Banufiya, ƙatuwa, ƴar kasuwa, da kwandunanta. Ta tambaye ni mutanen ina ne, na ce Katsinar Maraɗi. Sai ta tafa hannu ta ce ashe baiwarta ce ta tsinta a tasha, tun yaushe na gudu daga gidan ubanta? Kin san wasan da ke tsakaninmu da Nufawa. Shekara tara ba wanda ya yi mini wasa. Ban san sanda na ce mata ai Banufe ko ya hau doki a ruwa zai sauka ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kwance ganye ta miƙo mini alala, da manja a kai. Na ce na ƙoshi.

"Ji baiwa da girman kai," in ji ta. "Leɓenki ya tsage kina ce mini kin ƙoshi. Karɓi, uwargijiyarki ce ta ba ki."

Ba shawara na yi ba. Hannuna ne ya karɓa, bakina ya ci. Sai da na lashe ganyen sannan hankalina ya dawo.

Balki, ban taɓa jin tsoro irin na cikin jirgin nan ba. Na ɗaure zanena tamau don in ji sa'ad da cikin zai fara tashi. Duk girgizar da jirgi ya yi sai in ce ga shi nan. Na yi kalmar shahada ban san iyaka ba. Maigida yana gefena yana kallon duwatsu ta taga, ina tunanin wa zai wanke ni a ƙasar da ban san kowa ba. Muka isa. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana bakwai. Ciki yana nan yadda yake. Ban gaya masa ba. Na ce a raina wataƙila ni mace ce, Baba bai damu da ni ba.

Bukur, inda aka sauke mu kusa da Jos, ƙasa ce ta sanyi da duwatsu, an fafe ta ramuka-ramuka, ruwan ciki ja. Aka ba mu bukka a barikin leburori. Maigida yana yini tsaye cikin ruwan sanyi yana wanke ƙasa a fitar da kuza. Ni kuwa in na gama aiki sai in zauna in rufe ido in ga tafkinmu, da gawo a bakinsa, da mata suna shanya kifi. Ko geron can ba ya ƙanshin namu.

Akwai wata mai kawo itace bariki, ƴar ƙasar ce, Kirista, kowa yana ce mata Ngo, wato uwa da harshensu. Da farko in ta doso sai in shige ɗaki, don Baba ya gaya mana abin da irinsu suke. Ita ce ta lura ba mu da abin rufa, ta kawo mini tsohon bargo ta jefa ta bakin ƙofa ta wuce. Ranar da na zazzage jakar a tafin hannuna na ga abin da ya rage bai wuce na kwana biyu ba, Ngo ta same ni a bayan bukka ina kuka. Ta ajiye itacenta ta zauna. Na gaya mata duka, ita ce mutum ta farko da na gaya wa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in nuna mata gishirin. Ta murza shi da yatsa, ta ce ta san mai irinsa.

Ta kai ni can ƙarshen kasuwa, wurin wani tsoho mai sayar da gishirin Bilma, irin wanda Buzaye ke kawowa a kan raƙuma. Na fasa ɗan gefe na duba. Launi ɗaya, ƙanshi ɗaya, har ƴar ƙasa-ƙasar da ke ciki. Na daka shi a turmin Ngo, na zuba kaɗan a jaka don kada ya ga ta yi nauyi. Da yamma na tuƙa tuwo na barbaɗa. Na kai masa na fito, na zauna a bakin ƙofa ina sauraro. Na ce a raina, in ya mutu ni na kashe shi. Na ji ya suɗe akushi, ya yi gyatsa, ya yi hamdala. Da safe ya tafi aiki.

Wata biyar muka yi haka. Na daina ɗiba da farce. Ya koma ci sau uku, wuyansa ya cika, tarin da ruwan sanyi ya sa masa ya yi sauƙi. Ya saya mini zane. Har waƙar masu su na ji yana yi wata rana yana gyaran rufin bukka. Tun da muka binne ƴaƴanmu ban ji muryarsa haka ba. Waɗannan watanni biyar su ne auren da na yi, sauran duk haƙuri ne.

Ban yi tunanin abin da zai fahimta ba. Wata rana ya ɗauko jakar da hannu biyu, ya kira ni, idonsa cike da hawaye. Ya ce ko na lura? Tun Kano ya kamata ta ƙare, ga shi damina ta kusa wucewa tana nan yadda take. Ya ce wannan ba aikin mutum ba ne. Baba waliyyi ne na gaskiya, mun yi masa butulci amma bai bar mu da yunwa ba, yana ciyar da mu daga nesa. Da zarar ruwa ya ɗauke za mu koma, mu faɗi a gabansa. Washegari na ga ya warware zare daga gefen rigarsa ya ɗaura a hannu. Ya miƙo mini nawa.

Kwana shida ina juya abin. Na tuna tsayuwar rana. Na tuna matar da ta kai ƙarata, da yadda za ta dube ni. Na tuna ko kabarin uwata ban gani ba. Na ce ni da na ci alalar Banufiya na ga ban mutu ba, tsoron ya sake ni. Shi ma in ya ji wata biyar yana cin gishirin kasuwa yana ƙiba, ai zai sake shi. Haka na auna. Ran Juma'a bayan ya dawo daga masallaci na durƙusa a gabansa.

"Maigida, ina da magana, ka yi mini aikin gafara. Gishirin Baba ya ƙare tun farkon zuwanmu. Wanda kake ci na kasuwa ne, ni nake sayowa."

Ya dube ni. Ya ce, "Tun yaushe, Laure?"

"Wata biyar. Ga ka nan lafiya. Ni ma na ci abincin waje tun Zariya, ga ni. Ba abin da ya same mu."

Na so ya mare ni. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ɗora hannu a kan cikinsa, wanda ya ɗan fito saboda ƙoshi, ya shafa shi a hankali. Ya ce, "Ashe ba ƙiba ba ce."

Daga ranar bai ƙara cin komai ba sai ruwa. Ya ce abin ya riga ya taru a ciki, duk lomar da ya ƙara ita za ta tashe shi. Kwana huɗu yana zuwa aiki a haka, ran na biyar aka kawo shi a kafaɗa. Tarin ya dawo, ya fi na da. Mai ba da magani na kamfanin kuza ya zo ya ce sanyi ne ya kama ƙirji, in ya ci abinci zai tashi. Na je na durƙusa wa limamin bariki, wani dattijo Bazazzagi. Ya zo ya zauna kusa da shi, ya karanta abin da ya karanta, ya ce babu wannan a Littafi, gishiri gishiri ne, kuma wanda ya hana kansa abinci har ya mutu zai amsa tambaya. Maigida ya saurara da ladabi har ya gama, sannan ya ce:

"Allah gafarta malam, gaskiya ka faɗa. Amma ba kai ka sa mini shi a harshe ba."

Da na ga ƙafafunsa sun zama kamar kara, na ɗauko zaren da ya ba ni na ɗaura a gabansa. Na ce mu koma. Na ce zan goya shi zuwa tasha, zan tsaya a rana shekara guda in Baba ya so, in dai zai ci. Da gaske nake, Allah ne shaida. Ya kama hannuna ya yi ta fama da ƙullin, ba shi da ƙarfin tsinkewa, sai da ya sa haƙori. Ya ce ya yi ta tunani yana kwance. Ya ce in da maganar Baba gaskiya ce, da ni na riga shi mutuwa tun a jirgi. Na ce to, ga koko. Ya karɓi ludayin da kansa ya kai baki. Na ga maƙogwaronsa yana motsi, zufa ta keto masa a cikin wannan sanyi. Kokon ya dawo ta gefen baki.

"Kaina ya yarda, Laure," in ji shi. "Wuyan ne ya ƙi."

Kwana goma sha tara ya yi. Waɗanda suka yi masa wanka sun gaya wa limam cikinsa ya manne da baya. Leburori ƴan'uwansa suka binne shi a gefen wani dutse, ban san ko zan gane wurin ba yanzu. Na yi takaba a bukkar, Ngo tana kwana a bakin ƙofa. Bayan shekara na biyo wasu fatake ƴan Maraɗi na dawo. Ubanki, ɗan'uwana, bai tambaye ni komai ba, ya sa aka kawo mini tuwo, ya tsaya har na sa hannu. Zangon Baba kuwa ya watse, an ce ya yi gabas da waɗanda suka rage. Ban sake aure ba.

Saura ranar ƙarshe. Da hantsi ne, rana ta shigo ta bakin ƙofa har kan tabarmarsa. Ngo ta kawo gwaten acca a ƙwarya, da ganye a ciki, ta ce nawa ne, don ni ma na kwana uku ban sa komai a baki ba. Na ɗauka zan fita da shi bayan ɗaki. Shekara goma sha shida muna tare, bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, mace ba ta ci a gaban mijinta. Sai na ji ya kira sunana, muryar kamar daga cikin rijiya. Ya tambaya wa ya dafa. Na ce Ngo. Ya tambaya da wane gishiri. Na ce da nata, farin nan na kanti.

Ya ce in zauna nan inda zai gan ni.

Na ce ina jin kunya. Ya ɗan motsa baki, ina tsammani dariya ya so yi. Na zauna a ƙasa, na juya gefe, na ɗebi gwaten na kai baki. Hawaye yana zuba cikin ƙwaryar ina haɗiyewa da shi. Ya bi hannuna da ido daga ƙwarya zuwa baki, daga baki zuwa ƙwarya, kamar mai kallon abin da bai taɓa gani ba a duniya. Na ci loma biyar ko shida, na kasa, na ajiye. Ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo.

"Ƙara, Laure. Ina kallo."